Bushiya, Kurege da Kaskon Rawaya

An yi wata 'yar Bushiya mai kunya, irin wadda ko gaishe ta ka yi da ƙarfi sai ta dunƙule. Tana karatu a makarantar Malam Zalɓe, ƙarƙashin wata tsamiya a bakin rafi. Kusa da ita Kurege ke zama, shi kuwa Allah ya zuba masa haɗama. Ko ɓawon gyaɗa ya gani a hannun wani, sai ransa ya biya.

A duk darussa Bushiya ta fi son na zane. Ba sayen launi suke yi ba, da hannunsu suke haɗawa. Zoɓo ya ba su ja, ganyen baba ya ba su shuɗi, gawayi baƙi, kurkum kuma rawaya. Kowane launi sai an dama shi da ruwan ƙaro a kasko, don ya kama ya zauna.

Wata rana Malam Zalɓe ya raba wa kowa sabuwar ƙwarya. Ya ce kowa ya yi zane a bayan tasa, ranar da iyaye za su zo ya miƙa wa wanda ya fi ƙauna. Ya kuma ja musu kunne cewa kada a ɗora launi kan launi sai na farko ya bushe.

Bushiya ba ta tsaya tunanin wa za ta ba ba. Kakarta ce ta raine ta tun tana jaririya, ga shi yanzu yanar ido ta fara rufe wa tsohuwar gani. Ja ya ɓace mata, shuɗi ya bi shi. Rawaya kaɗai take iya tsinkaya, ita ma sai an kai mata kusa da hanci. Don haka Bushiya ta ƙudura za ta zana mata ƙatuwar rana, rawaya shar, ko Kaka ta ga aikin hannun jikarta tun idon bai gama tafiya ba. Wannan abu ya tsaya mata a rai ƙwarai.

To, ranar aiki Malam ya sauka rafi ɗebo ruwa. Kafin Bushiya ta gama goge ƙwaryarta, gogan naka Kurege ya janye kasake duka ya jera a gabansa, ya zagaye su da bindinsa. Sauran ɗalibai suka yi ta ƙwace da ƙyar, wannan ya sami ja, wancan shuɗi. Kaskon rawaya kuwa Kurege ya zauna a kansa daram.

Bushiya ta matso a hankali. "Kurege, don Allah ɗan sam mini rawaya. Kaɗan ma ya isa."

"Ke da wa kuka daka kurkum ɗin?"

"Ai tare muka daka, ni na tankaɗe."

"To ni na fara ɗauka! Ƙwaryata sai ta fi ta kowa launi a dajin nan. Ki je ki shafa gawayi, ai ya dace da ke."

Ta gaya masa na Kaka ne, ta gaya masa halin da idon yake ciki. Wallahi ko a jikinsa. Cewa ma ya yi mai yana a ido me za ta yi da zane. Wannan magana ta yi wa Bushiya ciwo fiye da hanin. Ta so ta kai ƙara wurin Malam, amma kunya ta ɗaure mata baki. Ta koma gefe da ƙwaryarta da ɗan ragowar ruwan ƙaro, ta dunƙule tana hawaye.

Garin dunƙulewar ta ture ƙaron, ya zube a bayan ƙwaryar, ƙwaryar kuma ta gangara cikin yashi. Da ta ɗauko, yashi ya manne. Ta sa hannu za ta goge, sai ta ji shi ƙarzan-ƙarzan a tafinta. Ta tsaya. Ta rufe ido ta sake shafawa, kamar yadda Kaka ke shafa fuskarta da safe don ta san ko ta wanke.

Nan take ta miƙe. Ta roƙi abokiyar karatunta Kurciya ɗan gero, ta tsinto busasshiyar ciyawa da ƙananan tsakuwa. Ta riƙa jan layi da ƙaro tana mannawa, tana jira ya bushe, ta rufe ido ta gwada, in bai yi ba ta ɓamɓare ta sake. Ba aikin yini ɗaya ba ne. Wasu ɗaliban har dariya suke yi, wai Bushiya ta mai da ƙwarya rumbu. Malam Zalɓe ya miƙo dogon wuyansa ya duba, sai ya ƙaro mata ƙaro.

Shi kuwa Kurege, ina haƙurin jira? Ya shafa ja, bai bushe ba ya maka shuɗi. Ya ga bai yi ba, ya ƙara baƙi. Abu ya fara dagulewa, sai ya juye kaskon rawaya gaba ɗaya a kai wai don ya gyara. Sauri ya haifi nawa. Launuka suka cakuɗe suka koma kalar taɓo, rawayar da ya hana kowa ta nutse a ciki, ko ɗigo ba ka gani.

Ranar taro ta zo. Kurege ya miƙa wa innarsa ƙwarya. Ta juya nan, ta juya can, sannan ta tambaye shi a gaban jama'a ko cikin taɓon rafi ƙwaryar ta faɗa. Ba da mugunta ta faɗa ba, da gaske take tambaya. Aka kwashe da dariya, Kurege ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. In da kwaɗayi da wulaƙanci.

Bushiya ta ja Kaka inuwa ta zaunar da ita, ta ɗora mata ƙwaryar a cinya.

"Kaka, ki yi haƙuri. Na so in yi miki da rawaya, ban samu ba."

Tsohuwa ta fara bin ƙwaryar da yatsu. Ta bi layin yashi ta ce wannan hanyar gida ce. Ta taɓa tsakuwa ta ce bakin raminsu ne. Ta iske dunƙule biyu na ciyawa, babba da ƙarami, a jingine da juna, sai ta yi murmushi ta daɗe a wurin. Daga nan yatsunta suka hau sama, suka zagaya da'irar gero.

"Ga rana," in ji ta. Ta jawo jikar jikinta. "'Yar nan, rawayar ma ai ta tafi tun kwanan baya. Ɓoye miki na yi don kada ki yi kuka. Da kin shafa ta, da ban ga komai ba. Wannan kuwa na gan ta sarai."

Bushiya ta yi kukan da Kaka ke gudu, amma ba ta dunƙule ba. Kurege yana raɓe bayan tsamiya, ya ji komai. Ya lallaɓo, kai a ƙasa, ya ba da haƙuri da 'yar ƙaramar murya. Kaka ta laluba ta kamo hannunsa ta ɗora a kan ƙwaryar, ta ce ya rufe ido shi ma ya duba.

Darasin wannan labari shi ne, mai haɗama da hannunsa yake ɓata abin da ya tara, ya hana wasu, shi ma bai mora ba. Kyautar da ta fi kowace kyau kuwa ita ce wadda aka yi daidai da wanda za a ba. Kafin ku ɗauki launi, yara, ku fara tuna wanda kuke yi dominsa.