Sunan da Kaka Hajjo Ba Ta Faɗa

Akwai wani manomin shinkafa a Malanville mai suna Bukari. A zamanin mulkin soja, kwamitin unguwa ya ce za a sake rabon fadamar bakin kogi. Duk wanda sunan kakansa ke cikin tsohuwar takardar filaye ta zamanin Turawa, gonarsa tana nan. Wanda babu, za a karɓe.

Bukari ya je da ƙarfin gwiwa ya ce, "Kakana Ɗan'inna ya sare dajin nan."

Sakataren kwamiti ya duba ya girgiza kai. "Babu Ɗan'inna. Wanga laƙabi na. Kawo sunan yanka, in ba haka ba ran Juma'a mu ba wani."

Gonar nan ita ce cin Bukari da na yaransa, ga shi damina ta ƙi a shekarar. Kuma wallahi, mutum da gemunsa, bai taɓa tambayar sunan kakansa ba.

Ya hau keke ya tafi Garou. Tsofaffi suka ce sun san Ɗan'inna, masunci ne da ya yi fito da jirgi kafin a gina gada. A Madécali aka ce ya taɓa ciyar da su da busasshen kifi a shekarar yunwa. A Toumboutou limamin da ya gaji takardun ubansa ya buɗe gafaka, sai ƙasa, gara ta cinye su. Kowa ya san alherin mutumin, ba wanda ya san sunansa.

Saura mutum ɗaya, Kaka Hajjo, matar marigayin, wadda Bukari ke wuce ɗakinta kullum da gaisuwar tsaye. To amma matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji, ko yana kabari.

Ya dawo gida ya same ta ya ce, "Kaka, mi as sunanai?"

Ta kawar da kai. "Ban hwaɗi ba yana raye, yanzu zan hwaɗi?"

Bukari ya daka mata tsawa. Tsohuwa ta ja zanenta, hawaye na zuba.

Da safe ya dawo, kunya ta ishe shi. Ya zauna a ƙasa ya dama mata fura. Bai ƙara tambayar suna ba, sai ya ce, "Kaka, ba ni labarinai."

Ta ba shi. Yadda ya ƙetare kogi ya nemi aurenta, yadda ƙaya ta cinye tafin hannunsa wajen saran fadamar, yadda ya binne ɗansu na fari a gefenta. Bukari ya yi kuka kamar yaro.

Ranar Juma'a ya tashi zai tafi wurin kwamiti hannu sake, sai ya gan ta a ƙofa da sandarta.

A gaban kwamiti, cikin maza, Kaka Hajjo ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Issufu ɗan Kadiri."

Sakataren ya bi layi da yatsa, ya tsaya. "Ga shi nan."

A hanyar gida ba ta buɗe fuskar ba. Ta ce, "Ka riƙe shi da kyau, ɗan nan. Ba ni sake hwaɗi."

Darasi: Tsofaffinmu ba kayan ɗaki ba ne da za a wuce su da gaisuwar tsaye. Ku zauna da su cikin haƙuri, ku tambayi asalinku tun suna numfashi, kada sai buƙata ta matse ku. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sauran kaka a gida.