Baƙon da Ya Shigo ta Rufi

An ce wani sarki yana da gidajen haya a bayan kasuwa. A ɗaya daga cikinsu akwai wani masaƙi, Jatau. Da damina ta yi nisa sai bangon ɗakinsa ya yi fumfuna baƙa ƙirin, tari ya kama shi, har ya kai ba ya iya zama kan saƙa. Ya kai kuka fada. Sarki ya amsa cewa shi ɗaki ya bayar haya, iskar da ke ciki kuwa ta Allah ce. Fadawa suka yi ta yaba hikimar nan, don a wurin fadawa ko atishawa sarki ya yi hikima ce.

Akwai wani dattijo masani a garin, Malam Barmo, wanda ya yi gini a ƙuruciyarsa. Ya je ya duba ɗakin, ya dawo fada, ya yi gaisuwa. Ya ce ya tarar da mutum biyu a ɗakin da aka ba mutum ɗaya, na biyun kuma kullum yana shaƙe na farko. Sarki ya fusata, ya ce lalle a hukunta wanda ya shigo da shi.

Malam ya ce, "Ya sarki, abin da ya shigo ta ƙofa wa ke da alhakinsa?"

"Mai riƙe da mabuɗi."

"Wanda ya shigo ta rufi fa?"

"Mai ikon hawa."

Sai Malam ya faɗa masa baƙon nan fumfuna ce, indararo ne ya toshe, ruwa ya kwanta a bisa yana tsatsowa. Ya kuma tuna masa da cewa shi sarki da bakinsa ya hana ɗan haya hawa soro, don kada ya hango cikin gidajen maƙwabta, sai maginin fada kaɗai. Shekara uku ke nan ba a aiko magini ba.

Kunya ta kama sarki. Ya sa aka yi sabon yaɓe, aka sauya wa Jatau ɗaki, ya ɗauki nauyin maganinsa. Amma ƙirjin ya riga ya taɓu. Abin tausayi, Jatau bai sake saƙa cikakken zane ba.

Ranar da sarki ya je duba shi, ya ji yadda numfashinsa ke ƙara, ya juya ga waziri ya ce, "Wanda ya hana a hau, shi ke da alhakin abin da ya sauko."