Manomin da Ya Hana a Tsefe Kitso

Ku matso, yara. Ku ma iyaye da kuka maƙale a bencin baya ku buɗe kunne, don maganar yau ta fi shafarku.

Akwai wani manomi, yana da mata da 'ya guda, sunanta Keziya. Kowace Asabar da la'asar matar takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta, ta yi mata kitson zuwa sujada, tana yi tana waƙa ƙasa-ƙasa. Wayyo, wancan zamani! Mu da muka tashi a cikinsa, har yau in muka ji ƙanshin man kaɗanya sai kewar iyayenmu mata ta kama mu.

Ana nan, wata Asabar matar ta yi wa 'yarta shuku mai kyau. Ranar Talata zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin Asabar ta zagayo an binne ta. Keziya tana da shekara biyar.

Manomin kuwa ya hana kowa taɓa kan yarinyar. Ya ce, "Aikin hannun uwarta na ƙarshe ke nan. Ba mai tsefe shi." Kullum da safe yakan shafa kitson kafin ya saɓa fartanya. Wata ɗaya ya wuce, biyu, har uku. To gashi dai bai san makoki ba, girma yake yi. Sabo ya tsiro daga ƙasa ya cukurkuɗe da tsoho, datti ya taru, ƙuraje suka fito. Yarinya ta wuni tana susa, har yara suka daina zama kusa da ita a majami'a.

Sai yayarsa Larai ta zo daga wani gari. Da ta cire ɗankwalin yarinyar sai ta tafa hannu ta ce, "Kai! Me ka yi wa marainiyar nan? Wannan kan sai aska."

Keziya ta ƙanƙame ƙafar ubanta tana kuka. "Baba, kada a aske mini."

Ya ce, "Yaya, ba wata hanya?"

Ta ce, "Akwai, amma kai za ka yi da hannunka. Ni baƙuwa ce, in na tafi wa zai riƙa yi mata? Kawo ruwan ɗumi da man kaɗanya da tsinke. Ka fara daga bakin gashi, kada ka fizga daga tushe. Ba ciyawa kake cirewa ba."

Mutumin ya zauna, ya sa 'yarsa a gabansa. Yamma uku ya yi yana tsifa. Yana warwarewa yana ganin yadda matarsa ta ɗora wannan sili a kan wancan, da yadda ta sassauta hannu wajen goshi don kada ya yi wa yarinya zafi. Wata uku yana kallon kitson nan daga waje, bai taɓa ganin wannan ba. Ya ce, kamar marigayiyar tana jinsa, "Ashe haka kike yi." Sai ya yi kuka, ya kuwa ci gaba da aiki.

Gashin ƙeya ya zube, amma sauran ya tsira. Ya wanke kan, ya shafa mai, ya bi sawun hannun matarsa ya kitsa. Allah sarki, kitson ya fito a karkace kamar kunyar da ɗan koyon noma ya yi! Ran Lahadi mata suka riƙa rufe baki suna dariya. Keziya kuwa ta ƙi ɗaura ɗankwali. Duk wanda ya kalle ta sai ta ce, "Babana ne ya yi mini."

Ga ma'anar misalin. Kitson nan shi ne abin da magabata suka bar mana: bangaskiya, da addu'ar gida, da tarbiyya. Gashin da ke tsirowa kuwa 'ya'yanmu ne, ba sa jiran mu gama kewa. Na san gidajen da tun ranar da aka binne tsohuwa ba a sake yin addu'ar safe ba, wai ba wanda ya iya kamar ita. Littafinta Mai Tsarki yana ƙasan akwati a naɗe cikin zane, ana ce da shi abin tunawa. Haba, jama'a! Ku buɗe, ku duba yadda ta yi, ku yi naku ko da a karkace ne. Ubangiji ba ya raina hannun ɗan koyo.

Ni ma ina kewar waɗanda suka riga mu, ƙwarai kuwa. Amma su sun huta a wurin Ubangiji, ba abin da ke damunsu. Yaron da ke gabanka shi ne yake shan wahalar abin da ka ƙi taɓawa.