Baƙon Ƙwaro a Gonar Tabawa

"Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo, Kaka, muna ji."

Wata damina ce, wake ya fara fure. A wani gari akwai wata tsohuwa, Tabawa, ba ta da komai sai gonar wake guda a bakin rafi. Garin kuwa yana da doka. Tun shekarar da wani baƙon ƙwaro ya cinye musu amfanin gona suka yanke cewa duk gonar da aka ga ƙwaron da ba a san sunansa ba, a sa mata wuta.

Ran nan Tabawa tana cire ciyawa sai ta ga wani ƙwaro a bayan ganye, kore shar, da ɗigon ja uku a gadon baya. Ta gaishe shi, bai amsa ba. Iskar kudu ce ta kawo shi, ba ya jin yaren ƙasar. Sai ga Barau, Sarkin Noma, ya leƙo.

"Iya Tabawa, wane ne wannan?"

"Ban san shi ba, Sarki."

"To, kin san doka."

"Ka ba ni kwana uku in nemo danginsa."

"Uku. Ran na huɗu da bakin wuta zan zo."

Sai ta sa ƙwaron a ƙoƙo, ta jefa masa ɗanyen ganyen wake, ta rufe da faifai.

Rana ta farko ta tafi wurin Buzuzu. Ta tarar da shi a bayan garke yana mirgina kashin shanu.

"Sannu da aiki, Malam Buzuzu. Ɗan'uwanka ne wannan?"

Buzuzu ya goge hannu, ya ƙirga ƙafafun baƙo, shida. Ya ƙwanƙwasa bayansa. "Sulken irin namu ne. Amma dubi 'yan siraran hannuwan nan, ba su taɓa haƙa rami ba. Ba ɗan gidanmu ba ne."

Ta yi godiya ta koma. Ganyen yana nan, baƙon bai taɓa ba.

Rana ta biyu da magariba ta tafi fadama wurin Maƙesu, ƙwaron nan mai kunna wuta da dare. Maƙesu ya juya baƙo, ya leƙa ta baya.

"Ina fitilarsa?"

"Ban ga ya kunna ba."

"Mu ko jaririnmu da wutarsa yake zuwa duniya. Kyau kam yana da shi, Iya, amma ba namu ba ne."

Ta yi godiya ta koma. Ta sauya masa ganye, ya ƙi ci.

Saura mutum ɗaya, Ƙwaron Wake, shi kuwa da Tabawa shekara da shekaru ba sa ga maciji da juna. Rana ta uku ta daure ta shiga rumbu.

"Yau ke ce a ƙofata, mai zuba mana toka a abinci?"

"Ni ce. Duba mini wannan, don Allah."

Ƙwaron Wake bai dubi launi ba, bai ƙirga ƙafa ba, baki ya duba. Sai ya yi tsalle ya shige ramin ƙwayar wake, ya yi magana daga ciki.

"Rufe ƙoƙon nan. Wannan ba bakin cin ganye ba ne, ba na cin tsaba ba. Haƙora biyu kamar awartakin maƙeri. Maharbi ne."

"Me yake farauta?"

"Ki tambaye shi can nesa da ni."

Tabawa ta dubi ganyen, kwana uku ke nan baƙon bai ciji ko ɗaya ba. Sai ta gane.

Da safe ga Barau da jama'a, bakin wuta yana hayaƙi.

"Ina sunan, Iya?"

"Ba shi da dangi a ƙasar nan, Sarki. Amma tsaya ka ga sana'arsa."

Ta ajiye abu uku a kan faifai: ganye, da ƙwayar wake, da wani reshe da darɓa ta lulluɓe, 'yan ƙwarin nan masu tsotse wake har ya bushe. Ta buɗe ƙoƙo. Baƙo ya haye ganye ya wuce. Ya haye ƙwaya ya wuce. Da ya kai reshen sai ya hau ci, ɗaya bayan ɗaya, har reshe ya koma kore.

Barau, wanda darɓa ta ci rabin gonarsa, ya durƙusa yana kallo.

Wani daga baya ya ce, "Doka dai ta ce marar suna."

Barau ya ce, "To, a raɗa masa." Ya tsoma bakin wuta a rafi.

Ran kwana bakwai da ganinsa aka taru a bakin gonar, aka raba goro, aka raɗa masa suna Ɗan Tabawa. Kafin wata ya mutu danginsa suka biyo iska, suka bazu cikin gonakin garin.

Da kaka Tabawa ta fita rabon tukuici. Ta kai wa Buzuzu kwandon kashin awaki. Ta bar wa Maƙesu ciyawar fadama ba ta yanka ba. Ƙwaron Wake kuwa ta ajiye masa mudu guda a gindin rumbu, babu ko ƙwayar toka.

Ƙurunƙus, nan kan kusu ya tsaya. In kun ga baƙo, ku dubi abin da yake yi kafin ku ɗauko wuta. Wanda ya gaya muku gaskiya kuwa, ko ba ku shiri, ku kai masa nasa mudun.