Tukunyar Irin Kaura

Akwai wani manomi da rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. Haka ma ta faru a ƙauyuka biyu na maƙwabta. Sai mutanen ƙauyukan uku suka tashi, suka kafa gari ɗaya a bakin rafi. Kowa ya zo da irin dawarsa, wasu farafara, wasu ja. Shi kuwa ya zo da kaura, irin da ya gāda wurin mahaifinsa, wadda tuwonta ba ya buƙatar miya mai yawa.

Da damina ta kusa, aka raba gonaki kafaɗa da kafaɗa. Manomin ya duba gabas, ya duba yamma, ya ga duk baƙi ne. Ya san halin dawa: in ta yi fure kusa da wata, iska takan haɗa su, irin ya gauraya. Sai ransa ya ɓaci. Ya zuba kaurarsa a tukunya, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka. Ya sayi farafara a kasuwa ya shuka.

Matarsa ta ce, "Maigida, ko tafin hannu ɗaya ka shuka mana. Iri ba ya son zama."

Ya ce, "Sai ranar da muka koma gida. Ba zan haɗa gādon ubana da na baƙi ba."

Shekara bakwai yana faɗin haka. Ƙauyensu kuwa ya zama kufai, ko hanyarsa ciyawa ta cinye. Matar ta rasu ba ta sāke ɗanɗana tuwon kaura ba, wannan kuwa ya ci masa rai ƙwarai. Da farkon ruwa na shekara ta takwas ya fasa lakar, ya sa hannu. Sai gari da ƙwari. 'Yan ƙwayoyin da ya tsinta ya shuka, ya yi ta zuwa dubawa har mako uku. Ko ɗaya ba ta tsiro ba.

Ya zauna a kan kunyar gonar ya yi kuka, ya ce, "Na tsare shi daga maƙwabta, ashe ni ne ɓarawonsa."

Ma'anar wannan misali ita ce: garin nan majami'armu ce ta Lutheran. Kun sani daga tsofaffin majami'u uku aka haɗa ta, ta Gindin Dutse, ta Tsallaken Rafi da ta Kurmi, lokacin da mutane suka ragu, ba mai iya riƙe tasa. Irin kuwa shi ne abin da kowace ta zo da shi: waƙoƙinta, addu'o'inta, da labarin waɗanda suka fara kawo mata bishara. Manomin mu ne. Shekara talatin ke nan, amma har yau ina ganin 'yan Kurmi a bencinsu, 'yan Dutse a nasu, kowa yana ɓoye waƙarsa don kada 'ya'yan wancan su ɓata masa karinta.

A watan jiya muka binne Iya Damaris, ta ƙarshe cikin mawaƙan Kurmi. Kafin ta rasu, ta roƙa a yi mata waƙar majami'arsu a bakin kabari. Ni da nake jagorantar jana'izar na ba da dama, na jira. Mu fiye da ɗari biyu ne a wurin, ba wanda ya san baiti na biyu.