Tabon Gajerar Alkama

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

Wani manomi ne, Barmo, mai noman alkama a fadama da rani. Abin da ya girbe shi ne cin gidansa na shekara, shi ne kuma irin baɗi. Mutum ne mai zargi, ko inuwarsa sai ya waiwaya ya duba ta.

Iri biyu gare shi. Akwai Doguwa mai manyan zangarnu, wadda ya sayo a kasuwa. Akwai Gajera, wadda matarsa Tabawa ta ƙullo a bakin zane daga gidan kakarta. Barmo bai taɓa yarda da Gajera ba. Abin dangin mata, in ji shi, sai a hankali.

To, ku sani, kowace ƙwayar alkama da masu gadinta take tsirowa. Gadonsu take yi daga iyaye, kamar yadda ke Lantana kika gaji wushiryar uwarki. Kowane mai gadi riga ɗaya ya sani ta abokin gaba. Gajera masu gadi uku ta gada. Doguwa ɗaya tak, shi ma rigar da ya sani an daina sa ta tun tuni.

Ana nan sai ga Tsatsa, cutar nan mai tsotse ganye, ta hawo iska da jar riga. Ta yi sallama a gidan Doguwa, aka ce ta shigo, har da shimfiɗa. Ta lafe a ciki, ba a ganin komai. Sai ta nufi Gajera, ta tarar da mai gadin farko a bakin ƙofa.

"Baƙuwa ce, ruwa zan sha."

"Daga ina?"

"Daga nan kusa."

"Kusa da ina?"

Mai gadin farko ya raɗa wa Gajera cewa ya san rigar nan. Gajera ta bar ta ta shiga zaure, ta ja ƙofa, ta cinna wa zauren wuta. Gara zaure ɗaya da gida duka. Tsatsa ta sha da ƙyar, ganye ya sami ɗan tabo.

Ta tafi marina, ta dawo da rawayar riga. Mai gadi na biyu ya gane ta, zaure ya ci wuta. Ta dawo da baƙa. Na uku ya gane ta, zaure ya ci wuta.

Da ta ga ba ƙofa, sai ta bi ta kunnen Barmo. Ta ce ya dubi Doguwa koriya shar, ya dubi Gajera duk tabo, wace ce mai cuta? Dama an ce mai neman kuka aka jefe shi da kashin awaki. Barmo ya hau tuge Gajera. Tabawa ta roƙe shi har da hawaye, ko kallonta bai yi ba. Ni abin nan har yau haushi yake ba ni.

Saura fangali ɗaya na Gajera bai tuge ba, sai Balbela da ke tsaye a bakin ruwa ta yi gyaran murya.

"Barmo, kai da kake zargin kowa, me ya hana ka zargi wadda ta kawo maka gulmar? Shafa ganyen da yatsa."

Ya shafa Gajera, tabo busasshe, yatsa fes. Ya shafa Doguwa, yatsa ya fito ja kamar an sa lalle. Kafin mako biyu Doguwa ta kwanta gaba ɗaya, zangarnu duk ƙaiƙayi.

Fangalin nan ɗaya ya ba da ƙwarya guda. Shekarar nan rogo suka ci, safe da yamma. Tabawa ta ƙulle ƙwaryar a ɗakinta. Da lokacin shuka ya zo, Barmo ya tsaya a bakin ƙofa, kai a sunkuye, ya ce ta ba shi irin.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Abin dangin mata ne, Malam. Sai a hankali."

Ita ta shuka da hannunta.

Shi ya sa manomin kirki ba ya zaɓen iri don girman zangarniya kawai, sai ya tambayi abin da ta gada. Kuma ba kowane tabo ne cuta ba, wani shaidar faɗa ce. Tsatsa kuwa tana marina har yanzu, tana rina sabuwar riga.

Ƙurunƙus kan ɓeran rumbu. Ku tashi, tabarmata nake so.