Kura Ta Koma Shan Nono

Gatanan gatananku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta.

Kura ce dai ta je wajen Saniya ta ce, "Ƙawata, na tuba da cin nama. Daga yau sai nono."

Saniya ta ce, "Madalla."

Kullum da safe sai Kura ta kwance ɗan maraƙin Saniya ya ɗan tsotsa. Da nono ya kawo, sai ta janye shi ta ɗaure, ta tatsa ta cika ƙwarya fal.

Ran nan ta sha ta ƙoshi, barci ya kwashe ta a gindin tsamiya. Ta yi mafarki tana iyo a kogin nono fari tas, ga maraƙin tsaye a bakin gaɓa. Duk ta kurɓa sai ya ƙanƙance, har iska ta ɗauke shi kamar audugar rimi.

Ta farka a firgice, ta ruga wajen maraƙin. Ga shi kwance, haƙarƙari duk a waje. Ta ce, "Wallahi ban taɓa sa masa haƙori ba!"

Saniya tana lasar ɗanta ta ce, "Haka ne, Kura. Wannan da ƙwarya kike cin sa."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don Gizo ba, da kun ce na shirga ƙarya.